Madagaska ko Mogadishu? Gardamar da ta tashi kan sunan tsibirin

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yau a aji ina koyar da taswirar Afirka wani yaro ya ɗaga hannu yace Malam meye ma'anar Madagaska, nace masa sunan ba daga bakin mutanen tsibirin ya fito ba, asalinsa Mogadishu ne, birnin nan na Somaliya, Marko Polo, matafiyin nan ɗan Italiya, shi ne ya ji sunan a bakin matuƙa jirgin ruwa ya liƙa shi a wani wuri daban, masu zana taswira kuma suka bi shi a haka har yau. Da na maimaita maganar a ofishin malamai babu wanda ya yarda dani, shi yasa na kawo ta nan don nasan akwai masana a cikinmu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam ni ma dai ban yarda ba gaskiya. Ƙasa guda mai tuta da taken ƙasa, tsibiri na huɗu a girma a duniya, ace sunanta kuskuren kunnen wani ɗan Italiya ne? Wannan irin maganar ce ke damuna, komai namu sai ace Bature ne ya sa masa suna, in ma ba da gangan ba to da kuskure. Su mutanen da yaren nasu suna cewa Madagasikara, kuma suna kiran kansu Malagasi, ai kaga akwai dangantaka tsakanin kalmomin biyu ko makaho ya shafa.

Nura: Ni tun 2019 da suka ci mu 2 da nema a gasar Afirka a Masar na fara neman inda suke a taswira. Amma Malam shi Marko Polon ya je tsibirin ne?

Malam Habibu: Bai taɓa taka ko'ina a gabashin Afirka ba Nura, kuma nan ne tushen maganar. Da zai dawo daga ƙasar Sin tsakanin 1292 da 1295 ta ruwa ya biyo, ya ratso Sumatra da Sri Lanka da gaɓar Indiya ya sauka Hormuz, daga nan ya hau tudu. Duk abin da ya faɗa kan Afirka ji ya yi a bakin fatake da matuƙa jirgi, wataƙila ta bakin tafinta ma. Sannan ba shi ya rubuta da hannunsa ba, wajen 1298 yana tsare a kurkukun Jenowa ya riƙa ba wani ɗan fursuna ɗan'uwansa mai suna Rustikello labari shi kuma yana rubutawa. Hajiya ki saurari abin da yace akwai a wannan tsibiri nasa. Yace mutanen Musulmi ne, shehunai huɗu ke mulkinsu, babu inda ya kai wurin yawan giwaye da cinikin haure sai Zanzibar, naman raƙumi shi ne abincinsu kuma raƙuman da suke yankawa kullum sai wanda ya gani zai yarda, akwai zaki akwai damisa akwai raƙumin dawa. To Madagaska ta gaskiya babu giwa, babu zaki, babu damisa, babu raƙumin dawa, kuma ba ƙasar raƙuma bace, ƙasar shanu ce masu tozo irin namu. Ko ƙungiyar ƙwallon da Nura ke magana, Barea, sunan shanu ne.

Alaramma Sabi'u: Malam Habibu ka tuna min da rihlar Ibn Baɗɗuɗa, wato littafin tafiye-tafiyensa. Ya shiga Maƙdashau, kamar yadda Larabawa ke kiran Mogadishu, a 1331, wato shekara 30 da ɗoriya bayan wancan rubutun, kuma abu na farko da ya faɗa kan garin bayan girmansa shi ne mutanensa suna da raƙuma masu yawa suna yanka ɗaruruwa a kowace rana. Ya kuma ce al'adarsu ce su kira sarkinsu da shehu. Shi kam da ƙafarsa ya je, ya ci abincinsu, ya yi sallar Juma'a da sarkin. Mutum biyu da basu san juna ba, ɗaya Kirista ɗan Italiya ɗaya Musulmi ɗan Tanja, duk sun kawo raƙuman yanka da shehu. Wannan ni ya ishe ni hujja cewa garin da aka siffanta wa Polo Mogadishu ne.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, na ji ta raƙuma kuma tana da ƙarfi. Amma Mogadishu ai ba tsibiri bace, a kan tudu take a bakin teku. Mutumin yace tsibiri, kuma yace kewayensa mil 4,000, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Ta yaya za'a kwatanta masa birni shi kuma ya ji tsibiri?

Alaramma Sabi'u: Hajiya kalmar jazira ce ta jawo. A Larabci jazira tsibiri ce, kuma ƙasar da ruwa ya kusa kewayewa ita ma jazira ce, shi yasa muke cewa Jaziratul Arab alhali kowa ya san daga Sham ana shiga da ƙafa. Ƙahon Afirka in kika dubi taswira haka yake, ya tsunkuyo cikin teku ruwa ta sama ruwa ta gefe.

Injiniya Bashir: Bari in sa baki da lissafi tunda shi na iya. Polo yace wurin yana kudu da tsibirin Sokotra da kamar mil 1,000. Na auna yanzu a taswirar waya, daga Sokotra zuwa Mogadishu kusan kilomita 1,500 ne, wato dab da mil dubun nan. Daga Sokotra zuwa ƙarshen arewacin Madagaska kuwa ya haura kilomita 2,700. Ku duba ku gani wanne ya fi dacewa.

Hajiya Rabi: Injiniya kar ka ɗora gini akan alƙaluman mutumin nan. Shi ne fa yace kewayen Zanzibar mil 2,000 ne, alhali Unguja, babban tsibirin Zanzibar ɗin, duka tsawonta bai kai kilomita 100 ba. Wanda ya yi irin wannan aune ai ba'a kafa hujja da mil dubunsa.

Injiniya Bashir: Wallahi Hajiya wannan misalin naki mu ya taimaka wa. Me yasa yace 2,000? Saboda Zanjibar a bakin Larabawa da Farisawan lokacin ba ƙaramin tsibirin kaɗai ake nufi ba, gaɓar ƙasar Zanj ce gaba ɗaya, bar ɗin nan na ƙarshe gaɓa ke nan. Ya ɗauki gaɓar nahiya ya mai da ita tsibiri. To wanda ya yi haka a babi ɗaya me zai hana shi yi a babin da ke maƙwabtaka da shi?

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum, na iske magana ta yi nisa. Ni ina bayan Hajiya amma ba don kishi ba, don abin da munka karanta a lakwal da Faransanci. Akwai taswirar wani Bafaranshe mai zanen taswira, Sanson, ta 1667 da anka buga a Pari, lokacin Faransawa sun sa ma tsibirin suna Île Dauphine don girmama yariman Faransa mai jiran gado. A kan taswirar an rubuta cewa Turawa na ce mashi Madagascar da St Laurens, amma mazauna ƙasar Madecase su ka ce mashi. Shi ma Flacourt da ya yi gwamna a Fort Dauphin, sansanin Faransawa a tsibirin, ya rubuta littahin tarihin tsibirin a 1658 ya kawo wannan suna. Kun ga ke nan akwai suna na gida mai kama da Madagaska, kuma akwai masana da sunka ce asalin kalmar Madagasi ce anka ƙara mata bar irin ta Zanzibar da Malabar, wato gaɓar mutanen Malagasi. In haka ne to Polo suna na gaskiya ya ji, bayanin raƙuma ne ya ɓata mashi.

Hajiya Rabi: Yauwa ɗan'uwa, Allah ya biya ka. Abin da zuciyata ke faɗa min kenan na rasa hujjar.

Malam Habibu: Malam Issoufou wannan ita ce hujja mafi nauyi da aka kawo min tun safe, kuma ba zan raina ta ba. Amma duba shekarun. Daga 1298 zuwa 1667 shekara kusan 370 ne, kuma kafin a buga taswirar nan Turawa sun shekara sama da 160 suna sauka a gaɓar tsibirin suna kiran sunan a kunnen mutane. Kuma Faransawan a kusurwa ɗaya suka zauna can kudu maso gabas, abin da suka ji a wurin ba lallai ya zama sunan da duk tsibiri ya sani ba, ƙasa ce mai tsawon kusan kilomita 1,600 da a da take da masarautu barkatai, Sakalaba a yamma, Betsimisaraka a gabas, Merina a kan tsaunukan tsakiya, kowa da sunan ƙasarsa. Sai a zamanin sarkin Merina Radama na farko ne, da Ingilishi suka ƙulla yarjejeniya da shi a 1817 suka kira shi sarkin Madagaska, sunan ya zama na mulki a cikin gida. Abu na biyu kuma wanda ya fi ƙarfi a wurina, littafin Polo da hannu aka riƙa juyar shi kafin zuwan injin ɗab'i, kuma kofe-kofen basu yi daidai da juna ba a wannan suna. Tsohon kofen Faransanci yace Madeigascar, bugun Ramusio na Italiyanci yace Magastar, amma kofen Latin da aka samu a Toledo a Sifen sunan da ke ciki Mogdaxo ne. Ku furta shi da bakinku ku ji. Masanin nan Paul Pelliot da ya bi sunayen littafin ɗaya bayan ɗaya a kan Mogadishu ya tsaya.

Alaramma Sabi'u: Wannan batu na masu juyar littafi ku bar ni da shi don sana'ata ce, shekara da shekaru ina rubutu da alƙalamin kara da tawada. Kalmar da ka sani in hannunka ya kuskure idonka zai kama, amma baƙon suna da baka taɓa ji ba, yadda ka gan shi haka zaka zana, in wanda ya gabace ka tawadarsa ta malala ko ya matse haruffa biyu to kai ka ƙirƙiro sabon suna baka sani ba, na bayanka kuma ya ɗora nasa. Akwai wata tsohuwar wasiƙar ajami ta kakanmu da muke ajiye da ita cikin gafaka, takardar ta yi ja gefenta ya gutsuttsure, akwai sunan wani ƙauye a ciki da mu uku muka karanta kowa da yadda ya fitar, saboda ɗigo ɗaya da ba'a gane na sama ne ko ƙazantar ƙuda bace. Ƙauyen ƙasarmu kenan, ina ga sunan birnin da ke bayan teku a hannun wani marubuci a Italiya.

Nura: Baba Alaramma to su Larabawan da ya ji labarin a bakinsu me suke kiran ainihin tsibirin?

Alaramma Sabi'u: Tambaya mai kyau ɗana. Jaziratul Ƙumr suke cewa. Haka yake a wurin Idrisi da ya yi wa sarki Roja na Sisili taswira a 1154, taswirar nan da kudu ke sama arewa ke ƙasa, haka kuma yake a wurin Ibn Majid gwanin tuƙin jirgi na ƙarni na 15. Haruffa uku ne kacal, ƙaf da mim da ra, kuma ba'a sa musu wasali, in ka sa rufu'a ka karanta Ƙumr, in ka sa fataha biyu ka karanta Ƙamar wato wata, shi yasa zaka ji ana fassara shi tsibirin wata. Sunan bai mutu ba, matsawa ya yi ya koma kan ƙananan tsibiran da ke tsakanin Madagaska da Mozambik, su ne Komoros, da Larabci har yau Juzurul Ƙamar. Abin lura a nan, da matuƙan nan babban tsibirin suke ba Polo suna, Ƙumr ya kamata mu gani a littafinsa.

Hajiya Rabi: Wannan ta shige ni Malam, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu akwai abin da kuka tsallake. Na nemo babin na karanta yanzu da kaina, bayan raƙuman yace jirage basa wuce nan su yi kudu saboda ruwan teku na gudu kudu da ƙarfi, wanda ya bi shi da wuya ya dawo, yace jirgin da ya taso daga Indiya kwana 20 yake yi ya iso amma komawa sai wata 3. Sannan ga labarin tsuntsun ruk wanda yake sunkutar giwa ya tashi da ita sama ya sako ta ta farfashe ya sauko ya ci. Wannan ba Mogadishu bace. Ruwa mai gudu kudu ai mashigin Mozambik ne, kuma tsuntsu ƙato a Madagaska aka yi shi.

Injiniya Bashir: Tsuntsun gaskiya ne an yi shi, tsayinsa ya kai mita 3, ƙwansa ɗaya zai ɗauki na kaza kusan 150, har yanzu ana tsintar ɓawon ƙwan a cikin yashi a kudancin tsibirin. Amma baya tashi Hajiya, irin jimina ne, balle ya ɗauki giwar da babu ita a ƙasar.

Hajiya Rabi: Na sani baya tashi Injiniya. Amma ka ɗauka kai baƙon matuƙi ne aka miƙo maka ƙwan da sai ka sa hannu biyu ka rungume, baka ga uwar ba, wane irin tsuntsu zaka kai labari gida? Kuma Musulmin da ya ambata ma akwai su a tsibirin a wancan zamani, a arewa maso yamma akwai kangon wani gari Mahilaka da aka tono har da masallaci, garin yana raye a daidai lokacin Polo.

Issoufou Maraɗi: Ƙwarai kuwa, tasirin Larabci a tsibirin ba ƙarami ba ne. Mutanen Antemoro na kudu maso gabas suna da rubutun da su ka ce ma sorabe, yarensu ne da baƙaƙen Larabci, ajaminsu ke nan. Ku ji kwanakin mako nasu: Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Asabotsy, Alahady. Bahaushe ba ya bukatar tafinta nan. Alhali yaren kansa ba na Afirka ba ne, danginshi na kusa yana Borneo a Indunusiya, wani mai bincike ɗan Norwe Otto Dahl ya nuna haka a 1951.

Alaramma Sabi'u: Ikon Allah, Talata dai Talata. A kan gashin tsuntsun kuma, Polo yace an kai wa babban sarkin Mongol gashin fiffike ɗaya mai tsawon taƙi 90, masana na ganin reshen tukurwa ne, don akwai ta da yawa a Madagaska. Duk wanda ya taɓa ganin gwangwala da ganyenta a jiki kafin a sassabe ya san in ta bushe aka ɗaga ta kamar gashin tsuntsu take sak.

Malam Habibu: Hajiya a nan kin kama ni kuma na karɓa. Na gaya wa yaran cewa babin duka Mogadishu ne, wannan ba daidai bane, babin gauraye ne, an zuba labarin wurare biyu ko fiye a ƙwarya ɗaya. Ruwa mai gudu da tsuntsu da girman ƙasa na kudu ne. Amma suna da raƙuma da shehunai da haure na gaɓar nahiya ne, kuma mu kan suna muke gardama. Abin da ya biyo baya ma ya fi ban mamaki. A 1492 wani Bajamushe Martin Behaim ya ƙera dunƙulalliyar taswirar duniya a Nurembag, ita ce mafi tsufa irinta da ta rage, ya zana ƙaton tsibiri a tekun Indiya ya rubuta masa Madagascar daga littafin Polo, alhali babu jirgin Turai ko ɗaya da ya taɓa ganin wurin. Sai bayan shekara 8, ranar 10 ga Agusta 1500, Diogo Dias ɗan Fotugal, wanda guguwa ta riga ta raba jirginsa da ayarinsu, ya tsinci kansa a gaban tsibirin, ya sa masa São Lourenço saboda ranar ta wani waliyyinsu ce mai wannan suna. Wato sunan ya riga tsibirin hawa taswirar Turawa, da aka samu tsibiri babba a wannan teku sai aka ce ai shi ne wanda Polo ya faɗa.

Nura: Kenan an ɗinka riga kafin a ga mai sawa.

Hajiya Rabi: To amma São Lourenço ya mutu, Île Dauphine ya mutu, Ƙumr ya ƙaura. Me yasa wannan kaɗai ya zauna? Ni a ganina saboda ya yi daidai da wani abu da ke bakin mutanen ne tun asali. Kuma da suka samu 'yanci ranar 26 ga Yuni 1960 babu wanda ya tilasta musu, Jamhuriyar Malagasi suka kira ƙasar, a 1975 kuma da kansu suka mayar da Madagaska cikin sunan hukuma. Mu ma ai Turawa sun rubuta Sackatoo da Kashna a littattafansu, amma kowa ya san Sakkwato da Katsina ne a ƙarƙashi, lanƙwasa suna daban ƙirƙiro shi daban.

Malam Habibu: Misalinki ya yi, amma shi ne tambayar ai, me ke ƙarƙashin Madeigascar, Madagasi ne ko Maƙdashau? Clapperton, Baturen matafiyi ɗan Birtaniya, ya shiga Sakkwato ya zauna da Sarkin Musulmi Bello, shi yasa nasa lanƙwasa ce. Polo bai je ba, kuma kofen Toledo yana nan da Mogdaxo ɗinsa. Ni ban sauka daga kan Mogadishu ba. Abin da zan yi ranar Litinin in Allah ya kai mu, zan karanta wa yaran babin jimla jimla, in raba allo gida biyu, su da kansu su jefa kowace jimla inda ta dace, raƙumi nan tsuntsu can, sannan in rubuta musu Madeigascar da Magastar da Mogdaxo a jere su furta da ƙarfi.

Hajiya Rabi: Ka raba shi gida uku Malam. Ka rubuta Madecase a na ukun da shekararsa 1667, ka gaya musu wanda ya zana taswirar yace a bakin mutanen ƙasar aka ji shi.

Malam Habibu: Zan rubuta Hajiya, da shekarar a gefensa. Malam Issoufou don Allah turo min rubutun kan taswirar yadda yake da Faransancin kafin Lahadi, kar nima in kuskure harafi a allo.